Tashe a Ƙasar Dutse da Nasihar da Ke Cikin Raha

Tun kafin majigi ya iso ƙasar Hausa, balle akwatin talabijin, mutanen Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu suna da wasan kwaikwayonsu na zaman iyali, wanda ba a gina masa zaure ba, ba a kuma ɗauki ƙwararru a kansa ba, sai dai yara ne ke ɗauke da shi gida gida, daga daren goma ga watan Ramalana, bayan an sha ruwa an idar da asham. Ana cewa asalin tashe gwagware ne, waɗanda rashin mai dafa musu sahur ya sa su kwana suna yawo suna ta da mutane. Amma ko mene ne asalinsa, abin da ya zama daga baya ya fi wannan nisa ƙwarai.

Duba wasan Mairama da Daudu, wanda 'yan mata ke yi. Za a sami yarinya ta zura rigar ubanta, hannuwan na jan ƙasa, ta kafa hula, a manna mata gemun auduga, ta hakimce a kan tabarma a matsayin Daudu tana gyaran murya. Wata kuma a lulluɓe ta a matsayin amarya Mairama, sauran su kewaye su da kiɗan ƙwarya, suna karanta mata ladubban aure ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa, tana miƙa ruwa, tana fifita. Matan gida su yi ta dariya har da riƙe ciki, su ɗebo gero ko dawa su zuba musu, alhali kuwa kowace ta san inda maganar ta dosa, maigida ma da ke jin su daga turaka ya ga kamanninsa a jikin Daudu, ko da bai furta ba. Samari kuma su kama gwauro su ɗaure shi da igiya, su rataya masa ludayi da muciya, su zaga da shi gari, al'adar da ta fi shahara a birnin Kano a hannun Nalako, sarkin gwagware. Dutse kuwa ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 27 ga Agusta 1991.

A ganina hikimar magabata a nan babba ce. Al'ummar da kunya ta hana mace kiran sunan mijinta, ta hana uwa sakewa da ɗanta na fari, ta hana suruki haɗa ido da surukinsa, lalle tana bukatar wata ƙofa da gaskiya za ta shiga gida ba tare da an ci mutuncin kowa ba, sai aka damƙa mabuɗin a hannun yaran da alƙalami bai hau kansu ba, aka kuma zaɓi watan da zukata suka fi laushi. Malami yana wa'azi a kan haƙƙin mata da sada zumunci wajen tafsiri, da dare kuma yara su nuna wa mai rowa rowarsa a tsakar gidansa.

Da ilmin boko ya zo, sai wannan gado ya hau takarda da rediyo. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959, sa'an nan Jatau Na Kyallu a 1960, labarin attajirin da ya wulakanta iyalinsa saboda karuwa har ya tsiyace. Bayansu Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, watau Samanja, suka riƙe talabijin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kasuwar finafinan bidiyo ta buɗe, kuma ba wanda ya cika gidajen kallo na karkara kamar Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan kusa da Wudil, a kan hanyar da ke kai mutum Dutse, wanda ya rasu a Disamba 2014, Allah ya jiƙansa. Ibro ya sha fitowa a matsayin miji mai wayon banza, kuma galibi wayon a kansa yake ƙarewa. Sai dai da yawa cikin masu bin sawunsa dariyar kaɗai suka ɗauka, suka mai da zagin tsoho da tozarta mace abin nishaɗi, wanda ko yaran tashe ba su yarda da shi ba.

Tashen kansa yana ja da baya, har ma a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da shi a Kano saboda ɓata-gari da suka fake da shi. Amma a Garu da Limawa na Dutse da ƙauyukan da ke gindin duwatsu har yanzu akwai tsofaffin da suka taɓa zama Mairama ko Daudu, suna riƙe da waƙoƙin a ka. Ina roƙon ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da masu shirya finafinai na Jigawa su je su durƙusa gabansu da na'urar ɗaukar magana kafin azumin baɗi.