Garin furen dabino: daga ina ya zo mana, kuma me aka tabbatar a kansa?

Jama'a, kwana biyu tallan garin furen dabino ya cika Facebook da WhatsApp, har da shagunan maganin Musulunci a nan Daura. Wasu na kiransa da sunansa na Larabci, ɗal'un nakhli. Wai a kwaɓa da zuma a sha safe da yamma, sinadarin mazantaka zai ƙaru, wanda bai haihu ba zai haihu. 'Yan'uwa sun tambaye ni ra'ayina, na ce bari mu bi asalin abin tukuna, domin wanda bai san mafari ba, da wuya ya gane ƙarshe.

Mu dai mutanen Daura, dabino baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. Itatuwanmu na gado a wannan dangi su ne goruba da giginya. Dabinon da kakanninmu suka fi sani a kan raƙumi yake zuwa. Ayarin Buzaye kan ɗauki gero su keta hamada zuwa Faci da Bilma, su musanya shi da gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu ta Damagaram zuwa ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, irin wannan ayarin gishiri ya biyo daga Azbin har ya iso Katsina da Kano a farkon 1851. Har gobe hanyar Damagaram zuwa Kano ta Kwangwalam da Daura take bi, har gobe kuma idan azumi ya zo za ka ji ana cigiyar ɗan Agadas a kasuwar Mai'aduwa. To amma lura, 'ya'yan ne ayari ke kawo mana. Furen yana can wurin masu gonar, don a wurinsu kayan aiki ne.

Ga dalili. Dabino akwai namiji akwai mace, kamar yadda giginya da goruba suke. Macen ce ke 'ya'ya. Namijin ba ya 'ya'ya, sai dai ya fitar da fure mai gari fari kamar bununin gero. Idan garin nan bai kai ga furen macen ba, 'ya'yan sai su fito a tsumbure, ba ƙwallo, ba armashi. Shi ya sa manomi ke hawa da kansa ya yanko furen namijin ya ɗaura a cikin na macen, namiji ɗaya kuma kan ishi mata kusan 50. Wannan ilimi tsoho ne ƙwarai. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun yi maganar haƙƙin mai lambun da aka ba wa aikin barbarar dabino. Turawa kuwa sai a 1694 wani masani a Jamus, Camerarius, ya tabbatar musu da gwaji cewa tsirrai ma suna da jinsi.

A Madina ma haka aka iske. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga mutane suna wannan aiki, aka bari a wata shekara, dabino bai yi kyau ba, sai ya nuna musu cewa lamarin duniyarsu su suka fi saninsa. Ina so mu riƙe wannan, domin yana koya mana cewa irin wannan abu da gwaji ake gane shi.

To yaya aka yi garin da ake yi wa itace barbara ya koma maganin mutum? Tunanin a fili yake: abin da ya sa itaciya ta yi 'ya'ya, ai zai sa mutum ma ya samu. Likitocin Larabawa na da sun rubuta shi, kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo shi a sashen magani na Zadul Ma'ad, inda ya ce yana ƙara kuzarin namiji, yana taimaka wa mace wajen ɗaukar ciki. Amma a wurin dai ya gargaɗi cewa yawansa na cutar da ciki da ƙirji. Wannan rabin 'yan talla ba sa karanto mana shi. Sannan bayanin likitocin zamaninsa ne ya kawo, ba hadisi ba ne. Kalmar ɗal'u ta zo a Alƙur'ani, a Suratu Ƙaf misali, amma a matsayin ni'imar Allah da arziki ga bayi. Don haka mai cewa duk wanda ya yi tambaya a kan garin nan ya taɓa addini, ya ji tsoron Allah.

Da zamani ya zo, masana sun shigar da shi ɗakin gwaji. A 1947 wasu masana biyu a Masar, Hassan da Abul Wafa, suka wallafa a mujallar Nature cewa sun samu wani sinadari a cikinsa mai aiki irin na sinadarin mata. A 1966 wasu a Amurka suka tace sinadarin estiron daga dabino. Kun ji fa, furen namiji ne, amma abin da aka fara ganowa a cikinsa dangin sinadarin mata ne, ba testostiron ɗin da ake tallarsa da shi ba. Daga baya, a 2006, masu bincike a Shiraz ta ƙasar Iran suka ba ɓeraye, suka ga ƙwayoyin maniyyinsu sun inganta. An yi wasu gwaje-gwajen a kan mutane, amma 'yan ƙalilan ne, na ɗan lokaci kuma. Wato akwai alamar alheri da ta cancanci a ci gaba da bincike, amma ba a kai matsayin da za a yi wa magidanci alƙawarin haihuwa ba. Ɓera daban, mutum daban.

Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da ke cikin kwalbar. Wa ya tabbatar maka furen dabino ne ba garin wani abu ba? A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni masu sayar da zumar ƙarfin maza, bayan an gano sun cusa sinadaran Viagra da Cialis a ɓoye. Mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Wanda kuma ya tsallake zuwa allurar testostiron don neman haihuwa, ya sani ita allurar rage ƙwayoyin maniyyi take yi, ba ƙarawa ba. Aƙalla dai a duba lambar NAFDAC, kuma a gaya wa likita abin da ake sha.

Yanzu ga inda tarihin nan ya taɓa mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, likitoci kuma sun ce a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun namiji. Amma a garuruwanmu wa ake ɗora wa laifi? Matar. Ita ke shan jiƙo da gori, ita ake yi wa kishiya, wani lokacin ita ake saki, maigida kuwa yana ta lasar zuma a ɓoye, bai taɓa yarda an auna shi ba. Manomin dabino tun shekara kusan 4,000 ya san cewa idan itaciya ba ta yi 'ya'ya ba, ba ya sa mata gatari, namijin yake fara dubawa.

Ɗan'uwa, idan kun shekara da aure ba labari, ku tafi asibiti ku biyu. Gwajin maniyyi ba abin kunya ba ne, kuma wasu matsalolin, kamar ciwon sanyi ko kumburin jijiyoyin maraina, ana maganinsu. Haihuwa ta Allah ce, amma Shi ya ce a nemi magani, kuma ba a maganin cutar da ba a san sunanta ba.

Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, ya ba matanmu ladan haƙuri. Wanda ya san wani abu a kan noman dabino a Nijar ko Dutse, ya ƙara mana haske.