Toyota Tsusho: Asalinsa da Bunƙasarsa

Toyota Tsusho kamfanin fatauci ne na ƙasar Japan, mai hedkwata a birnin Nagoya, wanda aikinsa na asali shi ne samo wa masana'antun motocin Toyota ƙarfe da sauran kayan ƙira, sa'an nan ya yi safarar motocin zuwa kasuwannin duniya. Galibi ana kiransa reshen Toyota, alhali kuwa hannun jarin da kamfanin motar yake da shi a cikinsa bai kai rubu'i ba, don haka kiransa ɗan dangi ya fi kusa da hakika.

Marubuta sun yi saɓani a kan shekarar kafuwarsa. Waɗansu suna kai salsalarsa ga 1936, lokacin da iyalin Toyoda, waɗanda arzikinsu ya samo asali daga injin saƙa na Sakichi Toyoda, suka kafa wani kamfani mai suna Toyoda Kinyu domin bai wa masu sayen mota lamuni, shekara guda kafin shi kansa kamfanin motar ya tsaya da ƙafafunsa a 1937. A 1942 aka sauya masa suna zuwa Toyoda Sangyo. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da hukumar mamaya ta Amurka ta ƙuduri aniyar wargaza manyan gidajen jari na Japan, sai hukuncin ya hau kansa a 1947, aka rushe shi. Daga sashensa na ciniki ne aka tayar da Nisshin Tsusho ranar 1 ga Yuli, 1948, wadda waɗansu kuma suke ɗauka a matsayin ranar kafuwarsa. Wannan riwaya ta biyu ita ce ta fi inganci a wurinmu, domin kamfanin 1936 na bashi ne, kuma ya mutu a shari'ance, na 1948 kuwa shi ne yake raye har yau, ko da yake ya zama Toyoda Tsusho a 1956, kana Toyota Tsusho a 1987.

Shekarun da suka biyo baya na hidima ne. A 1964 ya fara fitar da motocin Toyota zuwa waje, ya soma da Jamhuriyar Dominika, a 1977 kuma aka shigar da shi kasuwar hannun jari ta Tokyo. Da yake tsarin Toyota bai yarda da tara kaya a sito ba, sai dai kowane abu ya iso daidai sa'ar da ake bukatarsa, nauyin hakan ya faɗa a wuyan ɗan dangin nan: shi ke yanka faifan ƙarfe gwargwadon awo, shi ke kai narkakken alminiyam bakin masana'anta, shi ne kuma ke kwashe ragowar ƙarfe a sake narka shi. Duk ƙasar da Toyota ya kafa masana'anta, sai Toyota Tsusho ya bi shi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda ya haɗiye gidajen ciniki da suka girme shi nesa ba kusa ba. Bayan ya haɗe da Kasho a 2000, sai a watan Afrilu na 2006 ya haɗe da Tomen, wanda bashi ya durƙusar. Asalin Tomen shi ne Toyo Menka, sashen auduga na Mitsui da aka ware a 1920 ƙarƙashin Kodama Ichizo. Shi kuwa Kodama yayan Risaburo ne, surukin Sakichi kuma shugaban farko na kamfanin motar, ashe ke nan tsohuwar zumunta ce ta sadu bayan shekara tamanin da shida. Ta wannan hanya ne kamfanin ya sami cinikin hatsi da sinadarai da lantarki, ya daina dogara ga mota kaɗai.

Sai kuma CFAO, wanda sunansa ba baƙo ba ne ga dattawanmu. An kafa shi a Marsel ta Faransa a 1887, kuma yana cikin kamfanonin Turawa da suka buɗe kanti a Kano bayan isowar jirgin ƙasa, suna sayen gyaɗa da fatu da ƙiraga, suna sayar da atamfa da gishiri, haka nan kuma a garuruwan Nijar. A 2012 Toyota Tsusho ya sayi wajen kashi 30 cikin ɗari na CFAO daga hannun kamfanin PPR, ya bi sauran masu hannun jari da tayi har ya mallaki kusan kashi 98, a 2016 kuma ya cike ragowar. Da wannan ciniki ya gaji shagunan mota da rumbunan rarraba magani a faɗin Afirka, musamman ƙasashe renon Faransa, inda da can ƙafarsa ba ta yi ƙarfi ba. Saboda haka ne a Janairun 2019 Toyota ya damƙa masa ragamar sayar da motocinsa a nahiyar baki ɗaya.

Toyota Tsusho yana kuma da hannu a haƙar lithium a Olaroz ta Ajantina, da wutar iska ta kamfanin Eurus. A 2021 ya buɗe masana'antar harhaɗa Hilux a Tema ta ƙasar Gana.