Bangon da ke Tsakiyar Zuciya

Ranar Babbar Sallah, a gidajen Makarfi da Ikara da Kudan, da zarar an feɗe ragon layya sai a zaro zuciyarsa tare da hanta da ƙoda, a yayyanka, a kai wa mata su soya. Da wani zai dakata ya tsaga ta daga sama zuwa ƙasa, zai ga ɗakuna huɗu, ƙanana biyu a sama, manya biyu a ƙasa, da wani bango na tsoka mai kauri wanda ya raba ɓangaren dama da na hagu. Bangon a toshe yake, ko allura ba ta da wurin bi. Duk mahaucin da ya daɗe a fawa ya sha ganinsa. Amma manyan likitocin duniya sun shafe fiye da shekara dubu suna koyar da cewa yana da huda.

Tushen kuskuren shi ne Jalinusu, likitan Girka da ya yi zamani a daular Rum a ƙarni na 2. A lokacinsa ba a yarda a feɗe gawar ɗan Adam ba, don haka birai da aladu da shanu ya riƙa feɗewa. Ya ɗauka cewa hanta ce ke samar da jini, kuma lissafinsa ba zai daidaita ba sai jinin ya tsallaka daga dama zuwa hagu, sai ya ce akwai ƙananan ƙofofi a bangon waɗanda ido ba ya gani. Girman sunansa ya sa maganar ta zauna. Aka fassara littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, har Ibn Sina ya bi shi a kan wannan batu.

Wanda ya fara musantawa shi ne Ibn al-Nafis, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira, ya rasu a 1288. A sharhin da ya yi wa babin halittar jiki na littafin Ibn Sina, wajen 1242, ya ce bangon ba shi da wata kafa, ta zahiri ko ta ɓoye, kuma dole jini ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya isa ɓangaren hagu. Abin mamaki, a gabatarwar littafin ya bayyana cewa shari'a da tausayi sun hana shi fiɗar gawa, shi ya sa masana tarihi suke ta jayayya a kan yadda ya gano hakan. Maganarsa ba ta yaɗu yadda ta cancanta ba, sai a 1924 da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Berlin. A Turai kuwa, Vesalius, wanda ya feɗe gawawwaki da hannunsa a Italiya ya wallafa littafinsa a 1543, sai a bugu na biyu a 1555 ya fito fili ya ce bai ga ƙofofin ba. William Harvey na Ingila ya kammala bayanin zagayawar jini a 1628.

Wannan ilimi ya iso ƙasar Zazzau a makare. Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, a Ingila ya yi karatunsa. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar koyon likitanci a Zariya, daga baya kuma Makarfi ta zama mazaunin kwalejin kimiyyar lafiya mai ɗauke da sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris.

Damuwar Ibn al-Nafis ta biyo ilimin har nan. Al'ummar da ke gaggauta binne mamaci, ta kuma san hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da na rayayye, ba ta miƙa gawar ɗan'uwanta ga ɗalibai cikin sauƙi. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta halatta fiɗa don koyarwa, bisa sharaɗin izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa idan an san ko wane ne shi, a tsaya iya buƙata, a kuma binne dukkan sassan jikin bayan an gama. Dokar da ke kula da wannan a Najeriya ta zamanin Turawa ce, ta 1933, kuma akasarin gawawwakin da ɗalibai ke koyo da su na waɗanda babu wanda ya zo nema ne a asibiti. Ke nan izinin mamaci ko na magadansa ba a cika samunsa ba. Ɗalibin da ya taso daga Kudan ko Ikara ya isa ɗakin fiɗa a Zariya, zuciyar mutum ta farko da zai riƙe a hannunsa, galibi ta wanda ba a san danginsa ba ce.