Daga Tsakiyar Titi Zuwa Kan Murfin Kwata: Yadda Aka Yi Ta Korar Keke a Zariya



Ran Talata da la'asar ina tsaye a bakin titin Kongo ina jiran abin hawa, sai ga wani dattijo makaho yana tafe a kan murfin kwata, wato simintin nan da ake rufe magudanar ruwa da shi, wanda shi ne ɗan abin da mai tafiya a ƙasa ya mallaka a gefen titi. Yaro na gaba riƙe da sandarsa. Ta bayansu wani saurayi ya taho a kan keke, ya ɗaure buhu a kariya, ba shi da ƙararrawa, sai baki yake yi, "Hanya! Hanya!" Yaron ya fizgi sandar, dattijon ya yi taga-taga, ƙafarsa ɗaya ta zurma inda murfin ya karye. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi. Kafin ka ce kwabo an taru a kan saurayin. Ya jingine keken ya durƙusa ya ce, "Baba ka yi haƙuri, wallahi tirela ce ta koro ni." Dattijon ya ce, "To yaro, kai tirela ta koro ka, ni kuma ka koro ni. Ni wa zan kora?"

A nan aka ɓarke da muhawara. Kowa na cewa masu keke sun yi yawa a kan hanyar masu ƙafa. Ni ma idona ya ga hakan, musamman tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kekunan da suka shekara jingine a zaure aka kakkaɓe su, aka kai wa mai faci. Amma tambayar dattijon ce ta sa na koma baya, don keken nan da ke raɓe-raɓe yau ya taɓa zama mai tsakiyar titi.

Birnin Zazzau na cikin ganuwa ba a gina shi don taya ba. Wanda ya shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ya kutsa lunguna zai ga hanyoyi ne na ƙafa da jaki da doki. Ba a ware wa kowa gefensa ba. Abin da ke raba mutane shi ne girma: yaro ya kauce wa babba, mai hannu sake ya kauce wa mai kaya, kowa ya kauce wa dokin sarauta. Turawa suka ci Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ya tashi a kusa da tasha, Tudun Wada kuma a wajen ganuwa. Nan da nan garin ya zama guntu-guntu, kuma tsakanin guntayen akwai tafiya. Mutum ya kwana a birni, aikinsa yana reluwe ko kamfanin gurzar auduga. Wannan tazarar ce ta yi wa keke kasuwa.

Ita kanta Kongo haka ta taso. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a wurin, wadda ta zama cibiyar koyar da aikin mulki, daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Su waye ke hawan keke a wancan zamani? Akawu, malamin makaranta, malamin gona, ma'aikacin En'e. Saurayin da ya sayi Raleigh sabo fil ya gama haɗuwa, har ado ake yi wa keken da madubi da fitila. Kuma ba a hawansa haka nan. Sai ka biya lasin a En'e an ba ka lamba ka maƙala, in ba haka ba 'yan doka su tare ka. Har masana'antar harhaɗa kekuna an yi a Zariya.

Ga wani abu da ya kamata mu marubuta mu lura da shi. Magabatanmu na Zazzau ba su bar waɗannan sababbin abubuwa sun wuce ba tare da alƙalami ya taɓa su ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa hanyar jirgi. Alhaji Aliyu Namangi, mai Imfiraji, ya yi Waƙar Keke, kuma shi makaho ne. Da na ga dattijon Kongo, shi ne ya fara faɗo mini a rai. Hatta sunan abin yana da labari: tsofaffi na cewa basukur, daga Turanci, amma keke da muka aro daga Yarbanci shi ya yi nasara, har ya haifi keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu.

Raba titi gida biyu, tsakiya ta masu taya, gefe na masu ƙafa, tunani ne da ya zo da Turawa. A Ingila tun 1835 akwai dokar da ta hana bi da karusa ko dabba ta kan hanyar masu ƙafa. Da keke ya bayyana, kotu ta yanke a 1879 cewa shi ma karusa ne a idon doka, aka kuma tabbatar da haka a dokar 1888. Ma'ana mazauninsa titi ne. Wannan hukunci ya yi daidai muddin abokan zamansa a titin doki ne da 'yar motar Joji da ke wucewa jefi-jefi.

Sai kuɗin fetur suka zo. Aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a 1975, akawun da ke alfahari da Raleigh ya sayi babur, na sama da shi ya sayi mota. Keke ya sauka daga hannun ma'aikaci ya koma hannun mai kawo rake da itace daga ƙauye, da yaran da ke hayarsa na awa guda. Daga nan darajarsa ta faɗi, kuma abin da talaka kaɗai ke hawa ba a tuna shi in za a zana titi. Acaba ta zo ta cinye gefen kwalta. Keke Napep ya zo ya ƙwace har sunan, yau in ka ce "zan hau keke" sai a ɗauka mai ƙafa uku kake nufi. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, ya hau da kansa a Abuja, mota ta tura shi cikin rami. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba, don titin ne ya ba shi amsar da yake ba mai rake kullum.

Japan ta taɓa shiga irin wannan hali. A 1970 haɗarin mota ya kashe mutum 16,765 a ƙasar, sai hukuma ta halatta wa masu keke hawa wasu hanyoyin masu ƙafa don ta tsirar da su. Masu keke sun sami sauƙi, amma rigimar ta koma tsakaninsu da tsofaffi da masu tura jarirai, har yau ana ta gyaran dokar. Su fa hanyar ƙafarsu mai faɗi ce, a share. Namu murfin kwatar, inda ma akwai shi, bai wuce taku biyu ba, kuma kafin mai keke ya iso, mai shayi ya kafa benci, mai kanti ya fito da janareto, wani ya ɗora tayar motarsa a kai.

Ban wanke saurayin ba. Wanda tirela ta koro yana da birki, yana da ƙafafu, zai iya sauka ya tura, kamar yadda iyayenmu ke sauka daga keke in sun zo wuce majalisar manya. Amma na lura duk waɗanda suka yi masa ca, ni ma ina ciki, a kan kwalta muke tsaye, don benci ya tare inda ya kamata mu tsaya. Aka watse, saurayin ya gyara ɗaurin buhunsa, ya tura keken har ya wuce benci, ya leƙa titi, ya ga wata tirelar ta taho, ya sake hawa kan murfin.