Masuntan Rima, Kafin Dam da Bayansa

Kafin 1984 babu mai riƙe da makullin Gulbin Rima. Ruwan da ya zuba a ƙasashen Katsina da Zamfara da Maraɗi yakan gangaro ta Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ya haɗe, ya biyo ta Goronyo da Wurno har ya iske Gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu. Shi kuwa Gulbin Sakkwato, da ya faro daga wajen Funtuwa, ta Rabah yake ratsowa. Cikin Agusta da Satumba gulaben biyu sukan tumbatsa su malale fadama. A kan wannan cikowa ta shekara-shekara aka gina sana'ar su a gabashin Sakkwato.

Dalilin a fili yake. Yawancin kifin gulbi ba ya zuba ƙwai sai ruwa ya fara hawa. Tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu sukan bi sabon ruwa su shige cikin ciyawa da gonakin shinkafa, inda abinci ya wadata kuma 'ya'yansu ke samun maɓoya. Da kaka, in ruwa ya soma ja da baya, masunci ya kafa undurutu a bakin magudanan da kifi ke bi ya koma gulbi. Wanda ya makara sai ya maƙale a tafki, ya zama ajiyar rani. Gaiwa ma ba ta damu da ƙafewar ruwa ba: takan nutse cikin taɓo ta yi kwanciyarta, sai dai a bi ta da fartanya.

Tafkunan nan ba a faɗa musu kai tsaye. Garuruwan bakin gulbi suna da sarkin ruwa, kuma shi ke hana taɓa tafki har kifi ya ƙosa, shi ke sa ranar su. Ranar kuwa ba ta masunta kaɗai ba ce. Tun da hantsi za a ga maza sun yi sahu a gaɓa, kowa da homa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga ƙatuwar gora mai baki a sama. Da an ba da izini sai a ruɗa cikin ruwa gaba ɗaya. Mutum ya kifa cikinsa bisa gora yana tafiya da ƙafa, ya nutsa homayen ya haɗe bakinsu, ya ɗago. Abin da ya samu ya jefa cikin gorar da ke ɗauke da shi. Ruwa ya dame ya koma kunu, kifi ya rasa wurin gudu. A gaɓa yara na ihu, dattawa na cewa Allah shi ba da sa'a, 'yan banda sun riga sun hura wuta.

Duniya ta san wannan hoton ta hanyar Argungu, inda ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ta mayar da su biki, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2016. Amma abin da ake kallo a kogin Matan Fada na Argungu sana'ar dukan kwarin ce aka yi wa kwalliya.

Gwanayen ruwa na asali su ne Sarkawa, waɗanda ake danganta tushensu da Sorko, masuntan daular Songhai, da suka hauro Kwara suka zauna ƙasar Kabi suka zama Hausawa. Su ne masu jirgi da taru da mashi, masu maganin kada da na ƙayar kifi. Manomi yakan taɓa su in rani ya yi, Basarke kuwa ruwa ne gonarsa. Littattafan tarihi ba su cika waiwayarsu ba. An rubuta faɗuwar Alƙalawa a bakin Rima a 1808. An rubuta yadda Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837 aka kuma rufe shi, da saukar Heinrich Barth a garin a 1853, zamanin Aliyu Babba, da haihuwar Sardauna Ahmadu Bello a Rabah. Wanda ya tsallakar da jama'ar waɗannan garuruwa da damina, ya kuma sa kifi a miyarsu, ba a faye jin sunansa ba. Ƙasar kanta ta fi marubuta riƙon amana: a duwatsun yankin an tono ƙasusuwan wata dabbar teku da ta rayu sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus.

Rabah ce ta fara ɗanɗana sauyi. A 1978 aka kammala dam ɗin Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka tare Gulbin Sakkwato daga sama. An fi tuna Bakolori da manoman da aka kashe a 1980 kan rikicin diyya, amma mutanen ƙasa da dam sun yi tasu asarar ba tare da an ji amo ba. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan kwarin a farkon shekarun 1980, ya tarar cikowa ta ragu, shinkafa ta ja baya, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta sun rataye koma ko sun tafi cin rani wasu ruwaye.

Sai na Goronyo, wanda aka gama a 1984 aka ƙaddamar a 1992: bango mai tsawon kilomita 12 da rabi, da aka tsara ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Hana shi yabo zalunci ne. Sakkwato na sha daga gare shi, noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa ya bunƙasa, kuma a bayan bangon an samu tafkin da ake su rani da damina, abin da kakanni ba su taɓa gani ba. Sai dai an zana shi ne don famfo da gona. Kifi bai san jadawalin injiniya ba. In aka riƙe ruwa lokacin da ya kamata ya hau fadama, haihuwar shekarar ta tafi. Dam ɗin kuma ya nuna iyakarsa ta fuska biyu. A Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfinsa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki daga Goronyo zuwa Sakkwato, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma ya ƙafe har ya rage kusan kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, ga yashi da laka sun cike cikinsa.

Masunta ma ba a wanke su tas ba. Zaren roba ya kori na rama, kalli mai ƙananan idanu ya yawaita, gurar da aka koyo daga masuntan Mali ta cika bakin ruwa, tana kwasar babba da yaro. Akwai masu jan gidan sauro a madadin taru, akwai waɗanda suka taɓa zuba gubar Gamalin. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da nakiya, amma kifi na ganinka, mai jar koma: doka na takarda, jami'i na birni, sarkin ruwa kuma ba shi da ƙarfin da yake da shi jiya. Ga 'yan bindiga da suka sa kwana a bakin ruwa ya zama kasada.

Ƙaguwa, wadda masuncin Rima ke cirewa daga koma ya yar, ita ce dukiyar masuntan Alaska a Amurka.  A can, da ƙaguwar ta yi ƙaranci a 2022, hukuma rufe kamun nau'in da ake kira ta ƙanƙara ta yi ɗungurungum. Aikin sarkin ruwa ke nan, da jiragen sintiri.

A kwarin Rima mai makulli yanzu ita ce Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ya kamata duk lokacin da za ta tsara buɗe ƙofofin Goronyo da Bakolori, ta kira sarakunan ruwa na Wurno da Rabah da Goronyo su zauna tare da manoman rani, a ware wa fadama rabonta na ruwan Agusta.