Tasirin Sarrafa Fuskar Turken Dashen Haƙori a kan Warkewar Dasashi: Nazari daga Yankin Kankiya da Kusada

Dashen haƙori aiki ne na kafa turken ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi domin ya maye gurbin saiwar haƙorin da ya faɗi. Tushensa yana komawa ga Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin, wanda a 1952 ya lura cewa ƙashin zomo ya manne da ƙarfen titaniyom har ba a iya raba su, sannan a 1965 ya yi wa mutum dashen farko a birnin Gotenbog. Tun daga lokacin hankalin masu bincike ya fi karkata ga ƙashi. Sai dai turken ba ya tsayawa a cikin ƙashi kaɗai. Wuyansa yakan huda dasashi ya leƙo cikin baki, inda yawu da ƙwayoyin cuta ba sa yankewa. A wannan ɗan wuri mai faɗin milimita 3 zuwa 4 ake samun kariyar dashen, a nan kuma lalacewarsa ke farawa.

Yadda dasashi ke rungumar turke

Binciken da Berglundh da abokan aikinsa suka yi a kan karnuka a 1991 ya nuna cewa dasashin da ke kewaye da turke hawa biyu ne: fatar sama mai mannewa, kimanin milimita 2, da tsoka mai zaruruwan kolajin a ƙarƙashinta, milimita 1 zuwa 1.5. A ido, wannan ya yi kama da abin da ke jikin haƙorin asali, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A haƙorin asali zaruruwan suna sokewa cikin ɓawon saiwa kamar igiyar da aka ɗaure a turke. A jikin ƙarfe kuwa ba su da wurin shiga, sai su kwanta a gefensa su kewaye shi kamar ɗamara. Jijiyoyin jini ma sun fi ƙaranci, domin babu tantanin nan da ke tsakanin saiwa da ƙashi wanda ke shayar da wurin. Saboda haka kumburi ya fi saurin gangarawa ƙasa a jikin turke.

Warkewar ba ta gaggawa. Binciken Berglundh na 2007 ya nuna fatar sama tana fara rarrafawa jikin ƙarfe a mako na 1 zuwa na 2, zaruruwan kolajin su daidaita a mako na 4 zuwa na 6, shingen da dasashin ke yi wa turken kuma ya nuna a mako na 6 zuwa na 8.

Kaushi da santsi

Ƙashi yana son kaushi. Shi ya sa kamfanoni ke fesa wa turke tsakuwa mai laushi su jiƙa shi a ruwan asid, kamar fuskar SLA ta kamfanin Straumann, ko su kaurara tsatsar titaniyom da wutar lantarki, kamar TiUnite da Nobel Biocare ya fitar a 2000. Albrektsson da Wennerberg a 2004 sun kasa fuskokin gida huɗu, suka nuna matsakaicin kaushi na maikiromita 1 zuwa 2 ne ya fi jan ƙashi.

Abin da ke faranta wa ƙashi shi ne kuma ke ba dauɗar haƙori mafaka. Bollen da Quirynen da abokansu sun kafa a 1997 cewa idan kaushin fuska ya haura maikiromita 0.2, taruwar ƙwayoyin cuta na ƙaruwa, ƙasa da haka kuma ƙarin gogewa ba ya rage su. Akwai kuma ɗaya gefen: fuskar da aka goge ta zama kamar madubi ba ta ba dasashi abin kamawa. Mafitar da yawancin masu ƙira suka bi ita ce raba turken biyu, gindi mai kaushi domin ƙashi, wuya mai ɗan santsi domin dasashi. Wannan tsari yana aiki muddin ƙashi bai ja baya ba. Da zarar ya ja, kaushin da aka ɓoye ya bayyana a cikin baki, buroshi kuma ba ya iya fitar da abin da ya maƙale a ramukansa.

Wasu sun nemi sauya kwanciyar zaruruwan da kansu. Fuskar Laser-Lok ta kamfanin BioHorizons tana da ƙananan kwaruruka da aka zana da hasken laza, masu faɗin maikiromita 8 da 12. Nevins da abokansa sun bayar da rahoto a 2008 cewa a jikin mutane zaruruwan sun fuskanci ƙarfen a tsaye, fatar sama kuma ta daina gangarawa. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, ko da yake turakun da aka duba kaɗan ne.

Irin abin da aka ƙera wuyan da shi ma yana da tasiri. Abrahamsson a 1998 ya ga dasashin karnuka ya manne da titaniyom da yumɓun aluminiyom, amma ya ja baya daga zinare da tangaran, ƙashi ma ya zaizaye. Ya kamata a bambanta wannan da haƙorin Makka da alhazai ke sawa, wanda hula ce a kan haƙori mai saiwarsa. Game da zakoniya, wani abin da ake ƙera wuyan da shi, Scarano a 2004 ya sanya faifai a bakin mutane na awa 24, ƙwayoyin cuta suka rufe kashi 12.1 cikin 100 na zakoniya, da kashi 19.3 na titaniyom.

Ma'anar wannan ga majinyacin karkara

Bitar Derks da Tomasi ta 2015 ta ƙiyasta cewa kashi 43 cikin 100 na masu dashe suna samun kumburin dasashi, kashi 22 kuma kumburin yakan kai ga cin ƙashi. Akasarin waɗannan alƙaluma daga Turai suke, inda ake komawa wurin likita a kan kari. Mutumin Kaikai ko wani ƙauye na Kusada da Kankiya da ke neman irin wannan aiki sai ya kama hanyar Katsina ko Kano, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Malam Aminu Kano suke, kuma kowace komawa kuɗin mota ce da yinin gona ko na kasuwa. Ga irin wannan majinyaci, wuyan da ke da sauƙin wankewa ya fi muhimmanci a kan fuskar da ke rage kwanakin haɗuwa da ƙashi, kuma bai dace tallar kamfani ta rinjayi wannan hukunci ba. Yawan kwancewa da ɗaura wuyan ma yana raunana shingen, kamar yadda Abrahamsson ya nuna a 1997, don haka ɗaura shi sau ɗaya ya dace da mai zuwa daga nesa.

Al'adun tsabtar baki na yankin suna shiga lissafi. Asuwakin da aka tauna bakinsa ya yi laushi yana share dauɗa a filin haƙori, amma ba ya shiga tsakanin turke da maƙwabcinsa. Garin gawayi da toka da gishiri da ake dirzawa da yatsa suna iya karce titaniyom mai santsi, su mayar da shi mai kaushi. Ɓarɓashin goro yakan maƙale a bakin dasashi, hayaƙin taba yana takure jijiyoyin jinin da dama ba su da yawa, ciwon suga da ba a sarrafa ba kuma yana jinkirta warkewa. A makonni 8 na farko, kafin shingen ya nuna, abin da ya dace da wurin shi ne buroshi mai laushi da kurkurar ruwan kilohekzidin na ɗan lokaci bisa umarnin likita, tare da ganin ma'aikacin haƙori mafi kusa da zarar dasashin ya fara jini ko ya canza launi.