Mai Mota da Motarsa: Tarihin Lokacin Gyara a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

Idan ana lissafin abin da mota ke ci wa mai ita, akan ambaci kuɗin saye da na mai da na kayan gyara, sai a tsaya nan. Akwai kuwa abu na huɗu da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, wato lokacin da mai mota kan ɓatar a gindinta yana duba ta ko yana gyara ta. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan lokaci a Ikara da Maƙarfi da Kudan, a arewacin ƙasar Zazzau. Za mu ga yadda aikin ya faro a hannun bara, ya koma hannun ubangida, daga baya kuma ya kuɓuce masa ya zama zaman jira, da kuma irin sawun da kowane sauyi ya bari a bakin Bahaushe.

Zamanin direba da yaron mota

Jirgin ƙasa ya riga mota amfani a wannan yanki. Layin dogo ya isa Kano ta Zariya a 1911, aka kafa tashoshi a Likoro da Gimi, inda jakuna ke kai auduga da gyaɗa. Da manyan motoci masu bodin katako suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu su attajirai ne da 'En'e, kuma ba su ne ke tuƙa su ba. Bahaushe ya ɗauki mota yadda ya saba ɗaukar doki: mai doki hawa ne nasa, yankan ciyawa da sharar barga na yara ne. Haka nan mai mota. Girmansa bai bar shi ya kwanta a ƙarƙashinta ba.

Saboda haka lokacin gyara na direba ne da yaronsa, wanda ake yi wa laƙabi da karen mota. Yaron ne ke tashi tun asuba ya zuba ruwa a lagireto, ya duba baƙin mai, ya shafa giris, shi ne kuma ke dirowa da weji idan mota ta tsaya a hawa. Da yake hanyoyin ƙauye na jar ƙasa ne, gareji kuma sai Zariya ko Kano, dole direba ya zama rabin bakanike, domin motar da ta lalace a daji da damina tana iya kwanaki a nan. Daga bakin waɗannan mutane ne kalmomi irin su birki da giya da kuloci da sitiyari da salansa suka shigo Hausa. Da kunne suka ji su a bakin aiki, ba su gan su a rubuce ba, shi ya sa suka lanƙwasa su suka bi tsarin gaɓar Hausa sosai.

Zamanin Fijo

Shekarun 1970 ne suka sauya al'amarin. Kuɗin man fetur ya shigo, an biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji da bashin watannin baya a 1975, a shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, na Volkswagen ya fara a Ikko. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 da shirin ilmin firamare kyauta na wannan shekara suka baza ma'aikata da malamai cikin garuruwa irin su Ikara. Sai ga wani sabon mai mota ya bayyana: hedimasta ko malamin gona ko akawu, wanda ya sami bashin mota amma ba shi da halin ɗaukar direba. Yawancinsu kuwa sun taso da keke da babur, sun iya faci da ɗaure sarƙa, don haka sifana ba baƙuwa ba ce a hannunsu.

Ita ma motar ta ba da haɗin kai. Injin Fijo 404 da 504 a sarari yake, wanda ya buɗe bonet zai ga komai, hannunsa kuma zai kai ga komai. Kafireta ce ke gauraya mai da iska, kwantak ke yanke wuta, fulogi huɗu ke ba da tartsatsi. Idan mota ta ƙi tashi, cikin biyu ne: ko mai bai iso ba, ko wuta ba ta zo ba, kuma da sifana da sukundireba ake gane kowanne. Safiyar Asabar ta zama ta mota. Maigida ya fito da tsohuwar riga, ya kwance fulogi ya wanke da fetur ya goge da sanfefa, ya kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska, ya ƙara ruwan batir, ya matsa fanbel ya ji ko ya saki. Yara na tsaye suna miƙa kayan aiki. Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1980 mun riski wannan, kuma da yawanmu a nan muka fara jin sunayen sassan inji.

Manomi ma ya shigo ciki. A-kori-kura, wato Fijo mai buɗaɗɗen baya, ita ce ke kwasar rake da mazarƙwaila zuwa kasuwar Maƙarfi, da tumatir zuwa masana'antar da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa a Ikara a 1981. Mai kayan gwari ba ya jiran bakanike ya zo daga birni, domin tumatir ba ya jira. Mai ɗaki, in ji masu magana, shi ya san inda yake masa yoyo.

Zamanin tsuke bakin aljihu

Abin da ya faro da sha'awa sai ya koma tilas. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsimi a 1982, kayan gyara suka yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira wadda a 1980 ta fi dalar Amurka ƙarfi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kowa ya rungumi tsohuwarsa. A wannan zamani lokaci ne ya tsaya a madadin kuɗi. Abin da a da ake jefarwa a sayi sabo, yanzu kwance shi ake yi a wanke, a ɗaure da waya ko robar tayar keke, ko a kai wa mai walda. Wanda ke neman wani ƙarfe yakan wuni a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano yana tona tsofaffin kaya, da samfurin abin a aljihunsa.

Ƙarancin mai na shekarun 1990 ya ƙara wani nauyin. Man 'yan bumburutu sau da yawa gauraye yake da kananzir ko datti, yakan toshe kafireta, har ya zama ba abin mamaki ba ne a ga mutum da babbar riga a bakin titi wajen Tashar Yari ko Hunkuyi, ya naɗe hannu yana zuƙo mai da baki ta tiyo. Kunyar da ta hana attajirin da shiga ƙarƙashin mota ta kau. A lokacin ne kuma gwanjon motocin Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano saboda tashar jiragen ruwan da suke biyowa, suka fara ture Fijo daga kan hanya.

Zamanin zaman jira

Motocin gwanjon ne suka kawo sauyi na ƙarshe. Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka sun kori kafireta, injekta ta maye gurbinta, wata 'yar kwamfuta da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota ta karɓi aikin auna mai da wuta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa da ake jona na'urar gano cuta. Wanda ya buɗe bonet a yau murfin roba zai tarar. Kunnen da ke jin inji ya faɗi ciwonsa bai isa ba kuma, sai an sa na'ura.

Abin da ya rage a hannun mai mota bai wuce wanki da duba ruwa da baƙin mai da sauya taya ba. Amma lokacinsa bai dawo masa ba. Yakan kai motar gareji, wani lokaci har Zariya, ya zauna a benci ƙarƙashin bishiya tun hantsi har la'asar, yana gadin aikin da bai fahimta ba, ana aika shi sayen abin da bai san amfaninsa ba. A da yana fita daga aikin Asabar da ƙarin sani, yanzu da gajiya kawai yake komawa gida. Tsohon sanin bai mutu duka ba, ya koma kan babur da injin ban-ruwa na fadamun Kudan da injin niƙa, inda kafireta da fulogi ke nan har yanzu, manomi kuma ke kwance su da hannunsa.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Kalmomin zamanin farko sun zama Hausa ne domin hannu ya taɓa abin, baki ya yi ta maimaita sunansa a gida da tasha. Kalmomin zamanin kwamfuta kuwa sun tsaya a bakin bakanike, yawancinsu da kamanninsu na Ingilishi, domin jama'a ba su da hulɗa da abubuwan da suke nufi. A gefe guda kuma, yaron da aka haifa bayan shekara ta 2000 da wuya ya san mene ne kwantak. Tsofaffin direbobi da makanikan Fijo suna nan a tashoshin Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, amma kullum raguwa suke yi. Ya kamata ɗalibanmu masu neman batun bincike su je su zauna da su, su rubuta kalmomin da yadda ake furta su da aikin da kowace ke nufi, tun masu su na da rai.